Doki shida da doki shida da rabi: abin da ya faru da wani injin niƙa a ƙasar Ringim

A wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, a jihar Jigawa, rumfar niƙa ɗaya ce tak take ɗauke da garin da rugagen Fulanin da ke kewaye. Tun zamanin mahaifin mai ita na yanzu, Lista ne ke jan injin, irin tsohon nan mai silinda ɗaya da manyan wili biyu na ƙarfe, wanda ake jin bugunsa tun daga bakin gari. Kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila ya fara ƙera jerin injunan da wannan samfuri ya fito daga ciki a 1929, bai daina ba sai 1987, kuma har yau ana yin kwafinsa a garin Rajkot na Indiya. Ƙarfinsa doki 6 ne, yana zagaye 650 a minti.

A 2022 man gas, wanda shi Lista ke sha, ya tashi har lita ta haura naira 700, alhali fetur a farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Dama Listan ya tsufa. Da sanyin safiya sai ƙarti biyu sun yi gumi kafin ya tashi, ga shan baƙin mai. Mai rumfar ya yi lissafinsa, ya shiga Kano, ya sayo ƙaramin injin fetur irin wanda ake gani a wurin markaɗe da bakin fadama, mai igiyar ja. A jikin murfin igiyar an manna takarda mai ɗauke da lamba 6.5. Hujjarsa ba ta da aibi a ido: wanda zai sauka doki shida ne, wanda zai hau doki shida da rabi ne, ga arhar mai, ga shi mutum ɗaya ma zai iya sungumarsa.

Bakaniken garin, saurayi ne da ya ƙware a gyaran babur, shi ya ɗaura shi. Ya sa fuli, wato wilin da bel ke zagayawa a kai, mai inci 4 a bakin sabon injin, ya bar mai inci 12 da ke jikin na niƙan, ya ja bel. Da aka tayar babu hatsi, sai ka ce kiɗa. Da aka zuba kwanon gero aka ɗaure faranti, murya ta sauya. Injin ya yi ta nishi, bel ya yi ta ƙara yana zamewa, in yaron rumfar bai yi maza ya sassauta ba sai ya mutu ɗif. Abin da Lista ke niƙewa a zubi ɗaya sai an maimaita shi sau biyu ko uku, garin ya fito da zafi, ga tsaki a ciki. Masara kuwa ba a magana. Mata suka fara aika yara ƙauyen gaba da ƙullin hatsi a ka, kuma wannan ya fi komai ci wa mai rumfar rai, domin gidajen da suka shekara talatin suna niƙa a wurin mahaifinsa ne.

Kafin hunturu ya fita injin ya fara shuɗin hayaƙi. Saurayin ya kwance shi, ya tarar ƙurar gari da ta hunturu sun cinye zobban fistin, ramin silindar ma ya ci, don soson da ke tace iska ya daɗe da yagewa ba wanda ya kula. Ya ce, "Alhaji, a kai bulon injin nan Kano a buɗa ramin, mu sa fistin mai girma. Hayaƙi zai ɗauke, kuma ƙarfi zai ƙaru." Aka kai, aka ƙara faɗin da rabin milimita, aka sayo fistin da zobba daidai da sabon awon a kasuwar Ƙofar Ruwa. Hayaƙi ya ɗauke kamar yadda ya faɗa. Ƙarfi kuwa ya koma yadda yake ranar da aka sayo shi, wato dai bai isa ba. Har an fara maganar a sake mayar da shi a ƙara masa milimita guda cur, sai wani ɗan'uwan mai rumfar ya ce a dakata a kira dattijon da yake duba Listan tun lokacin da Jigawa take cikin jihar Kano.

Dattijon ya zo ranar kasuwar Gujungu, a bayan babur, da 'yar jakar kayan aikinsa. Bai tayar da injin ba. Ya dubi saurayin ya ce, "Ɗan nan, cire min kan silindar." Aka kwance ƙusoshi huɗu, aka ɗaga, fistin ya bayyana da baƙin gawayi a kansa. Ya goge bakin ramin da tsumma, ya ɗora rula ta ƙarfe a kai: milimita 68 da ɗan ɗori, ɗorin nan shi ne rabin da aka ƙara. Sannan ya sa aka juya injin da hannu a hankali har fistin ya hau ƙarshen hawansa, ya yi daidai da bakin bulo. Aka ci gaba da juyawa har ya sauka ya tsaya cik, kafin ya fara dawowa. Ya zura rular cikin ramin, ya dafe ta da babban yatsa a daidai baki, ya zaro, ya kai ta wajen haske. Milimita 45.

Ya ce, "Alhaji, nawa suka ce maka injin nan?"

"Shida da rabi, Baba. Ga shi nan a rubuce."

"Murfin shida da rabi ne. Cikin kuwa na biyar da rabi ne."

Ga abin da dattijon ya gani a rular. Waɗannan ƙananan injuna, ko wace ƙasa ta ƙera su, yawancinsu a kan tsarin injuna biyu na Honda aka yi su, GX160 da GX200. Duka biyun faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68. Inda suka rabu shi ne tafiyar fistin, wato tazarar da yake yi daga ƙarshen hawa zuwa ƙarshen sauka: na farko 45, na biyu 54. Cikin inji kuwa, abin da ake kira cc, daga waɗannan lambobi biyu yake fitowa. A ninka faɗi da kansa, a ninka da 0.785, a ninka da tafiya, a raba da dubu. Na farko ya ba da 163, na biyu 196. A da ana rubuta musu doki 5.5 da 6.5, daga baya Honda ta koma bayyana ƙarfin da ke isowa bakin sanda bayan an haɗa matacin iska da salansa, wato 4.8 da 5.5. Kwafin da ake yi a Sin ana yawan buga musu 168F, ma'ana silinda 1, faɗi 68, mai sanyaya da iska. Lambar faɗi kawai ta faɗa, ba ta ce komai a kan tafiya ba, shi ya sa mai 163 da mai 196 suke iya zama a kanta ɗaya, in an ga dama a ƙara wa babban wata alama a ƙarshe. Daga waje kusan ba ka bambanta su, murfin igiya kuma ƙusa uku ce ke riƙe da shi. Kamar mudu biyu ne masu baki ɗaya, amma an buga gindin ɗaya ya shigo ciki. Wanda ya dubi baki kawai zai rantse awonsu ɗaya.

Daga nan aka gane abin da buɗa ramin ya yi da abin da ba zai taɓa yi ba. Daga 68 zuwa 68.5, cikin injin ya tashi daga 163 zuwa kusan 166, ƙarin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Da an bi shawarar milimita guda, da ya kai 168. Kafin mai tafiya 45 ya kamo 196 ta hanyar faɗi kaɗai, sai ramin ya kai kusan milimita 74 da rabi, kuma tun kafin a je nan an cinye ƙarfen da aka shimfiɗa a cikin bulon. Milimita 9 ɗin nan na tafiya kuwa, su kaɗai, kashi 20 cikin ɗari suke ƙarawa. Ana buɗa rami ne don a mayar da silindar da ta ci ta koma kewayayya, zobba su sake kamawa. Gyara ne mai kyau, kuma a wannan injin ya wajaba. Ƙarin ƙarfin da ake jingina masa ne babu.

Ban ga laifin saurayin sosai ba. A babur ya koyi aiki, inda mai mashin ke kawo shi ya mutu murus, a sa masa sabon fistin, ya hau ya ji kamar an ba shi sabo. A idonsa babban fistin ne ya kawo ƙarfi, alhali ƙarfin da ya zube ne aka kwaso. Kuma yaro ne mai kai, domin nan take ya ce, "To Baba, in tafiya ce matsalar, mu sayo karanshaf na mai 196 mu sa masa mana." Karanshaf dai shi ne lanƙwasasshen ƙarfen da ke juyawa, fistin na hawa da sauka a kansa. Dattijon ya ce masa ya sake duban inda fistin ya tsaya a sama. Daidai da bakin bulo. Ƙarin milimita 9 rabuwa yake yi biyu, huɗu da rabi ƙasa, huɗu da rabi sama. In aka bar fistin da sandarsa yadda suke, zai leƙo waje da milimita huɗu da rabi ya doki kan silinda tun a juyin farko. Sai an sauya bulo ko an nemo gajeren fistin, kuma kafin a gama haɗa wannan an kusa biyan kuɗin wani injin.

Amma ko da mai rumfar ya samu mai 196 na gaskiya tun farko, yadda aka ɗaura shi ba zai ja niƙan ba, kuma a nan ne ainihin darasin yake. Dattijon ya kai su bayan rumfa inda aka jingine Listan a ƙarƙashin buhuna. Faɗin silindarsa inci 4 da rabi ne, wato milimita 114, tafiyarsa inci 5 da rabi, kusan milimita 140. Cikinsa cc 1,433, ya kusa ninka ƙaramin sau tara. A Lista tafiya ta fi faɗi. A ƙaramin, faɗi ya fi tafiya sau ɗaya da rabi. Injuna ne da aka gina a kan dabaru biyu mabambanta, ko da lambar dokinsu ta yi kusa.

Ƙarfin doki haɗin abu biyu ne: yawan murɗawar da inji ke yi a kowane zagaye, da yawan zagayen da yake yi a minti. Lista yana tara dokinsa shida da murɗawa mai nauyi a zagaye kaɗan. In aka ɗaura sanda mai tsawon mita ɗaya a bakinsa, zai iya riƙe nauyin kusan kilo 6 da rabi a ƙarshenta. Ƙaramin, a mafi ƙarfinsa, kilo ɗaya da 'yan kai zai riƙe. Abin da ya rasa a nauyi yana rama shi da sauri, zagaye 3,600 a minti. Don haka duk wanda zai sa shi aikin Lista dole ya sayar da saurin nan ya sayi murɗawa, kuma fuli ne kasuwar. Injin niƙan rumfar an saba jan sa a wajen zagaye 600. Da fuli 4 da 12, kowane zagaye uku na injin fetur ɗaya ne a wurin niƙa, wato ana neman a juya farantai sau 1,200 a minti, ninkin abin da suka saba, da murɗawar da ba ta kai rabin ta Lista ba. Shi ya sa yake gudu in babu hatsi, yake shaƙewa in an zuba. Gudun da ya wuce kima kuma shi ke sa gari zafi.

Akwai maganar da ke yawo a bakin kanikawa cewa doguwar tafiya ita ce ja, faɗi kuma shi ne gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ana fahimtarta a karkace. In injuna biyu cc ɗinsu ɗaya, mai dogon zango yana da dogon hannu a karanshaf amma kan fistinsa ƙarami ne, mai faɗi kuma wuta na tura babban kai amma hannunsa gajere ne. Abin da wannan ya samu a nan ya rasa a can, murɗawarsu takan zo kusa da juna. Lista bai fi ƙaramin murɗawa don doguwar tafiya kaɗai ba, ya fi shi ne don cikinsa ya ninka nasa sau tara. Abin da tsawon tafiya ke yankewa shi ne iyakar gudun inji. A kowane zagaye fistin na yin tafiyarsa sau biyu, hawa da sauka. Na Lista a zagaye 650 yana cin kusan mita 3 a daƙiƙa. Na ƙaramin a 3,600 yana cin mita 5.4, na mai 196 kuwa kusan 6 da rabi. Da za a tilasta wa Lista ya yi 3,600, da fistinsa mai nauyi zai riƙa cin mita 17 a daƙiƙa, kuma ba zai kai can ba sai ya tarwatse. Shi ma faɗi yana da nasa aikin: shi ke ba da wurin sa manyan bawul, iska da mai su shiga da sauri, su fita da sauri, wanda in babu haka inji ba zai iya numfashi a zagaye dubu uku ba.

Wannan ƙa'ida har kan teku tana aiki. Injin Wärtsilä RT-flex96C da ke tura manyan jiragen dakon kaya faɗin silindarsa santimita 96 ne, tafiyarsa mita 2 da rabi, zagayensa 102 a minti. Fistinsa na cin mita 8 da rabi a daƙiƙa, bai ko ninka na injin markaɗe sau biyu ba, duk da cewa na markaɗen ya fi shi yawan zagaye sau 35.

Injin gas yana son doguwar tafiya saboda wani dalilin kuma. Ba shi da fulogi, matsa iska yake yi har ta yi zafin da za ta kunna mai da kanta, matsin da yakan kai ninki 16 zuwa 20, alhali ƙaramin injin fetur 8 ko 9 yake yi. Rami matsattse mai zurfi ya fi sauƙin kai wa wannan matsi, kuma zafin wutar ba ya saurin tserewa ta bango. Shi ya sa injunan gas na Sin da suka cika wuraren casar shinkafa su ma haka suke. S195, misali, faɗi 95 ne, tafiya 115, doki 12 a zagaye 2,000. Ga kuma abin da takardar doki ba ta faɗa: wilin Lista biyu, kowanne ya kai ƙafa biyu a faɗi, suna ajiye ƙarfi a cikin nauyinsu. In masara ta cushe farantai na ɗan lokaci, nauyin nan ne ke ture ta ya wuce kafin injin ya ji a jikinsa. Ƙaramin gaba ɗayansa kilo 15 ne, ba shi da abin da zai tura da shi. A awa guda kuma Lista zagaye 39,000 yake yi, ƙaramin 216,000, kowane zagaye biyu da iskar da yake shaƙa a cikin ƙurar rumfa. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin yadda ɗaya ya ga jikoki, ɗaya kuma ya nemi sabon fistin kafin shekara ba.

Abin da dattijon ya ba da shawara ba shi da tsada. A sauke fulin injin zuwa inci 3, a nemo mai inci 18 a sa wa na niƙan, ya zama zagaye shida ne ke ba da ɗaya. Farantai suka dawo 600, murɗawar da ke isa gare su ta kai kusan kilo 6 a sandar nan ta mita ɗaya. Har yanzu ƙasa take da ta Lista, kuma wannan a ƙarshen ƙarfin injin ne, ba abin da zai wuni yana yi ba. Da mai 196 ne, da ya kamo Listan a lissafi. Ya sa aka ja injin baya aka sa bel mai tsawo don ya samu kamu sosai a kan ƙaramin fulin, aka fitar da shi ta bayan bango ya bar shaƙar gari, aka sa sabon soso, ya kuma ce a riƙa wanke shi kowace Juma'a, baƙin mai kuma kada ya wuce awa ɗari na aiki, gara ma a rage tunda cikin ƙura yake.

Niƙa ya daidaita. Gero da dawa suna fita a zubi ɗaya in yaron bai cika hannu ba. Masara har yanzu sai sau biyu, a ɓarza sannan a niƙa. Yawancin gidajen da suka tafi sun dawo, ban da masu kawo buhu guda na biki ko na sadaka, waɗanda ba su da haƙurin jira. Mai shagon da ya sayar da injin ya ce shi ma haka aka kawo masa su a kwali, kuma bayan an buɗa rami ba maganar mayarwa. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne wannan: mutumin ƙauye yana biyan kuɗin 196 ya tafi da 163, kuma ba shi da hanyar sani sai ya buɗe inji. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi takardar da ke cikin kwali ya duba lambobi biyun nan, faɗi da tafiya, ya kuma duba abin da aka buga a jikin ƙarfen bulo, domin takardar da aka manna a murfi kowa na iya sauya ta.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, arhar da ta sa aka jingine Lista ta tafi. Da mai rumfar ya sake zama ya yi lissafi da dattijon, sai suka kwance Listan. Karanshaf ɗinsa lafiya lau, wili biyun ba tsaga. Silinda da fistin da zobba ne suka gaji, da bakin allurar mai, kuma dukkansu ana samun na Indiya a Kano. Ya yanke cewa in an sayar da riɗin bana za a tayar da shi ya koma kan hatsi da tsohon fulinsa. Ƙaramin kuma za a mayar da shi cikin gida, uwargidansa ta riƙa markaɗen wake da tattasai da shi, aikin da injin mai faɗi 68 da tafiya 45 yake yi ba tare da nishi ba.